Yayata za ta sarayar mini da rabonta

Goggo mai filin shawara, don Allah ki agaza mini. Alheri ne ya yi mini yawa har na rasa inda zan sa kaina.

Ni kafinta ne. A shagon mahaifinmu na tashi, tun ina share garin katako har na iya haɗa gado. Da Baba ya rasu bara, shagon ya zama gadonmu ni da Yayata, mu biyu ya bari. Ma'aikaciyar jinya ce. Makon jiya ta ja ni wajen lauya, ta ce masa za ta sarayar da rabonta. Na yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, alhali ban taɓa jin kalmar ba. Na ɗauka aron wurin za ta ba ni. Sai da maƙwabcina mai walda ya ce ai bar mini za ta yi har abada, na zagaya bayan shago na sha kuka.

Goggo, Yayar nan ita ta ɗinke mini yatsa ranar da zarto ya yanke ni, tana ɗinki tana yi mini faɗa. Har yau in ta taso daga aiki sai ta biyo, ta zauna a tsohon bencin Baba ta cire takalmi. Mijinta ya rasu, yaranta uku, gidan haya take. Matata ta ce ba a mayar da hannun kyauta baya. Ni kuwa ina tsoron ranar da yaran za su girma su ce Kawu ya cinye gadon uwarsu. Mene ne ainihin wannan kalma, kuma in sa hannu?

Ƙanen Yaya

Ɗana, share hawayenka, mai walda ya fi ka kunne. Idan an ce haƙƙi ya saraya, ya faɗi ke nan, babu sauran nema. Sarayar da shi kuwa shi ne mai shi ya sake shi da kansa, da hankalinsa, ba tilas. Aro ana mayarwa, jingina ana fansa, amma abin da aka sarayar ba ya dawowa, kuma magadanta ba za su nema ba bayanta.

Matarka ta yi gaskiya, ƙin karɓa zai yi wa Yayarka ciwo. Kai ma tsoronka ba na banza ba ne. Kafin ku koma wajen lauya, ka same ta ita kaɗai, ka faɗa mata ka gane girman abin, ka tambaye ta ko ta tuna da hayar gida da karatun yara. Ka nuna mata akwai wata hanya: ta riƙe rabonta, kai ka riƙa aiki a wurin. In ta tsaya a kan bakanta, ka roƙe ta ta gaya wa babban ɗanta da kanta, a gabanka. Abin da yaro ya ji daga bakin uwarsa ba ya zargin kawu a kansa.

Sannan ka karɓa, ka yi godiya da baki, ba a bayan shago ba. Bencin nan kuma kada ka kuskura ka matsar da shi. Ba ya cikin abin da ta sarayar.

Allah ya jiƙan Baba, ya bar ku tare.