Kunyoyin Yaya a Cikin Burtali

Litinin, 9 ga Yuni

Ardo Harisu ya zo da sassafe, ko tabarma bai yarda ya hau ba. Burtalin bayan gari ya matse, shanu biyu ba sa jerawa. Na bi shi na gani da idona. Gari yana ta girma, gidaje sun cinye gonakin kusa, su kuma manoma kowace damina sai su tuge shingen cini-da-zugu su matsar da shi kunya ɗaya cikin hanyar shanu. Kunya ɗaya ai ba ta da yawa, in ji su. Ga shi an wayi gari iccen aduwar nan da muke sha inuwarsa a bakin burtali muna yara, yau yana tsakiyar gero.

Geron kuma na Yaya Ummaru ne.

Asabar, 14 ga Yuni

An zauna a ƙofar mai unguwa. Kowa ya yarda a mayar da shinge inda yake, amma kowa yana jiran a fara da maƙwabcinsa. Wani daga baya ya ce, "To kansila ya fara da gonar gidansu mana." Aka yi dariya. Na ce da ita zan fara. Dariyar ta tsaya.

Sun ɗauka ba zan iya ba. Ba su san ni ba.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na je wurin Yaya, na durƙusa na gaishe shi kamar kullum. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya kai ni makaranta a Kankia a bayan kekensa. Na yi masa bayani a hankali. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Labaran, da kuka so gina asibiti wa ya ba ku gehen gonarshi? Ni. Yanzu kuma mi kake so, in ci ƙasa?"

Gaskiyarsa ce, ni na roƙe shi wancan filin, kuma matan garin nan sun daina haihuwa a bayan babur. Amma burtali ba nawa ba ne balle in biya shi da shi. Na faɗa masa haka. Ya tashi ya shige gida ya bar ni a zaure.

Juma'a, 20 ga Yuni

An yi. Bayan an sauko daga masallaci, a gaban jama'a, ni na fara kama shingen. Geron ya kai gwiwa, kore shar. Da hannuna na tuge kunyoyin da suka shiga hanya. Yaya yana tsaye can nesa, hannu a baya. Da sauran suka ga haka, kowa ya shiga tasa yana gunaguni.

Zuciyata ta yi zafi, ba zan ɓoye ba. Amma ko gobe zan sake.

Talata, 1 ga Yuli

Na gaishe shi a masallaci, ya amsa wa na kusa da ni.

Alhamis, 10 ga Yuli

A sakatariyar Kusada wani babba a jam'iyya ya ja ni gefe. Wai manoma sun fi makiyaya ƙuri'a, in ina son tazarce in iya takuna. Na ce masa kujerar ba gadon gidanmu ba ce, su riƙe abinsu. Rijiyar burtsatse na nan, kwalbatin hanyar ƙauyen Boko na nan, ajujuwan firamare an yi musu rufi. Wanda yake ganin ban yi aiki ba ya je ya sha ruwa a wani wuri. Abin da ban yarda ba shi ne a zamanina saniya ta faɗa gona, a zaro adda, a kai gawa asibitin da na yi wahalar ginawa.

Juma'a, 1 ga Agusta

Matata Zinariya ta sa ni gaba da maganar ban haƙuri. "Baban Salma, ko kai ke da gaskiya, yayanka ne. Ka tahi ka ce ya yi haƙuri, mi zai rage ka?"

Haƙurin me? Wanda ya yi laifi shi ke ba da haƙuri. In na ce ya yafe ni, na yarda ke nan hanyar shanu tasa ce, baɗi kuma kowa ya mayar da shingensa. Ba zan je ba. Na ce mata kada ta sake tayar mini da zancen.

Ta ce taurin kan nan a gidanmu aka raba mana shi, ni da shi, daidai wa daida.

Laraba, 20 ga Agusta

Shanun Ardo sun wuce da yamma, garke guda, ba wadda ta leƙa gona. Na tsaya na kalla har ƙura ta lafa. Na so in ji daɗi fiye da haka.

Asabar, 20 ga Satumba

Yau Yaya ya kira gayyar yankan gero. An gaya wa kowa a unguwa, ban da ni. Da hantsi sai na ga na ɗauki wuƙa. Wucewa kawai zan yi, in ga yadda damina ta yi masa.

Na shiga layi a can ƙarshe. Hannuna ya manta aiki, ina ta barin zangarniya a kara. Can sai na ji inuwa a kaina. Yaya ne. Ya daɗe yana kallon ɓarnar da nake yi, sannan ya ce, "Ɗanyen gero ka iya tugewa, busasshe ya gagare ka? Kawo nan." Ya karɓi wuƙar, ya gyara mini riƙo, ya mayar mini a tafin hannu ya matse yatsuna a kai. Ya wuce abinsa.

Ban ba shi haƙuri ba, a sani. Shinge yana inda na sa shi.

Akwai sauran yanki ta wajen aduwa, gobe za a ƙarasa. Na ce wa Zinariya ta tashe ni da wuri.