Rasuwar Hajiya Ikilima Ruwan Bago, Wadda Aka Kira Ciwonta Son Jiki

Cikin alhini, da kuma ɓacin ran da ba mu ga dalilin ɓoye shi ba, Ƙungiyar Ungozomomi da Masu Aikin Sa-kai na Lafiya ta Karaye da Rogo ta samu labarin rasuwar uwar ƙungiya, Hajiya Ikilima Abdulsalami Ruwan Bago, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi, tana da shekara hamsin da ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara ashirin da huɗu marigayiya ta yi tana karɓar haihuwa, daga ƙauyukan Ruwan Bago har Yola ta Karaye, rani da damina, a bayan ɗan acaba ko a ƙafa. Da korona ta zo, ana ta cewa cutar masu hawa jirgi ce, ita ce ta bi gida-gida tana faɗakarwa, a nan kuma ta kamu. Ta tashi daga jinya, amma ƙarfinta bai dawo ba: guga ɗaya za ta ja a rijiya ta zauna tana haki, ta daina jin ƙanshin daddawa, sunan jaririn da ta yanke wa cibiya ma yakan ɓace mata.

Sai aka ce son jiki ne. Aka ce tsufa, aka ce iska. Wani mai kantin magani ya sallame ta da maganin zazzaɓi har sau uku. Alhali maƙwabcinta, wani magidanci da irin wannan haki ya kama, gayya aka yi aka nome masa gonar gyaɗa, ana ta sintirin gaishe shi. Hajiya ba ta yi shiru ba. Kowace ranar kasuwar Rogo sai ta tara mata ta gaya musu abin da likitoci suka gano: cewa wannan jan jiki bayan korona ya fi kama mata a kan maza, musamman masu matsakaicin shekaru, da masu asma kamarta, da masu ciwon suga ko ƙiba, da waɗanda cutar ta kwantar sosai tun farko. Ta dalilinta Malama Munawwara ta Yola da wasu mata da dama suka ga likita, aka daina yi musu gorin ragwanci.

Ajali na Allah ne, ba mu ɗora wa kowa ba. Amma sai yaushe za a yarda mace ba ta da lafiya? Sai an ga makara? Mai sa hannu a wannan takarda ba zai wanke kansa ba, domin shi ma ya taɓa ce mata ta daure, a gaban taro, kuma ta koma ga Allah bai nemi afuwarta ba.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyya ga maigidanta, Alhaji Bahauddeen, da 'ya'yanta Jamilatu da Zubair, da ɗaukacin al'ummar Ruwan Bago. Allah Ya jiƙanta, Ya sa jinyarta ta zama kaffara, Ya ba iyalanta juriyar wannan rashi. Mu kuma da muka ji hakinta muka kau da kai, Allah Ya yafe mana.

Sa hannu:
Malam Nuruddeen Sulle Rogo
Kakakin Ƙungiya