Gemun Myron

Verba Creek, Saskatchewan,
24 ga Mayu.

Ƙanena Myron,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Doreen da yara, kuma gwiwar nan taka ta daina yi maka tsiya. Mu nan lafiya lau. Mun gama shukar alkama ranar Talata, sauro ya fito da ƙarfinsa. Tsohonmu Tato yana nan daram, shekara tamanin da tara, har yau shi ke gaya wa likita yadda ake aikin likita.

Na san ka ji, don ko a tsibirin naku akwai talabijin. Yaranmu sun kai zagayen ƙarshe na kofin hoki. Shekara talatin da ɗaya muna jira, Myron! Wasa huɗu kawai muke nema cikin bakwai, kuma ina gaya maka za mu same su. Tun da aka fara zagayen farko babu namijin da ya kai reza haɓarsa a garin nan, don kada sa'a ta tsere. Fada Ilarion na cocinmu ne kaɗai bai sha ƙaiƙayi ba, shi dama da abinsa.

A shagon kofin Stefka ba a wata hira sai ta wancan karon. Kullum da safe sai an ce, "Orest, ba mu wasa na bakwai." Ni kuwa in gyara zama in ba su: biyu da biyu har lokaci ya cika, ƙarin lokaci na farko ya wuce ba ci, golanmu Bango ya tare bugu hamsin da wani abu, kyaftin ɗinmu yana wasa da muƙamuƙi a ɗaure da waya. In na zo inda faifan, wato ƙwallon hoki, ya daki ƙarfen ragarsu ya dawo, har yau Wasyl Demchuk sai ya dafe kai. Sannan in kawo su kan ɗan bayan nan nasu, wanda bai ci ko ɗaya ba duk shekarar, ya sharara daga nesa ya kashe mu. Sun ce duk garin ba wanda ya kai ni iya ba da labarin cin nan.

To, ga dalilin wasiƙar. Tato ya sa na sauko da kujerarsa ta da daga rumbu, da bokitin madarar da nake kifawa in zauna a kai. Ya ce kowa zai koma wurinsa kamar wancan karon: shi a tsakiya, kai a ƙasa ka jingina da ƙafar tebur, ni a baya bakin ƙofar kicin. Kujerar marigayiya Mama ya ɗora mata gyalenta. Jiya ya dube ni ya ce, "Rubuta wa yaron nan ya zo ya zauna a wurinsa. Ba ni da wata shekara talatin a aljihu."

Na san abin da ke ranka. Ka aske gemu da safiyar wasa na bakwai don mahaifin Doreen ya gayyace ka cin abinci, aka cinye mu, gari ya ɗora maka. Suka sa maka suna Wanzami, suka rataya maka reza a madubin mota. Ka bar gari da kaka, ba ka sake takowa ba sai jana'izar Mama, a nan ma Wasyl bai ji kunyar shafa haɓa yana kallonka ba. Abin da ciwo, ban musa ba. Amma tsoho ya kira, kuma na san ka, za ka zo. Na riga na sa Stefka ta ƙara dozin biyar na perogi mai dankali da cuku, irin wanda kake so.

Ka gaida Doreen da kyau.

Yayanka,
Orest.


Verba Creek,
1 ga Yuni.

Myron,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, katinka ya iso jiya. Layi biyu! "Ku ci kofinku lafiya. Haɓar Wanzami ba ta da amfani a falon nan." Ban karanta wa Tato ba. Na ce masa kana neman tikiti.

Mun ci biyu, sun ci ɗaya, ka gani da idonka. Duk wasa Tato sai ya leƙa ƙafar teburin nan kafin a jefa faifai, ya ga ba kowa, ya mayar da kai. Leƙen nan ya fi faɗansa zafi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗauki waya sau uku in kira ka, ina jin muryar Doreen sai in tambaye ta yanayin ruwan sama in ajiye. Bari in rubuta, takarda ba ta kallon mutum.

Ka tuna dokar Tato: daga jefa faifai zuwa ƙarar tashi ba mai ɗaga jiki daga wurinsa, sai a hutun tsakanin zango. Haka muka yi wata biyu muna ci. A wasa na bakwai na sha shayi kofi huɗu don tsabar fargaba, a hutu kuma na ƙi fita don kada in rasa ko kalma ɗaya ta mai sharhi. Da aka shiga ƙarin lokaci na biyu marata ta cika kamar ta fashe. Na matse, na karanta duk addu'ar da Mama ta koya mana, ba sauƙi. Ina bayan kowa, idon kowa na kan talabijin. Sai na zame daga kan bokiti a hankali, na bi ta kicin na fita bayan rumbu.

Ina tsaye can cikin taɓo na ji Tato ya kurma ihu. Minti ɗaya ban yi ba. Na dawo da gudu na zauna kafin kowa ya waiwayo. Da Tato ya juyo yana neman wanda zai huce a kansa, idonsa ya sauka kan haɓarka mai sheƙi, ni kuwa na sunkuyar da kai na bar ka da laifin.

Myron, ban ga cin nan ba. Wanda nake ba da labarinsa a shagon Stefka da hannu da ƙafa, daga jarida na haɗa shi da bakin mutane. Shekara talatin da ɗaya ana saya mini kofi a kan abin da ban gani ba, kai kana can da sunan da ya kamata a sa mini. Laifi tudu ne, na take nawa na bar gari yana hangen naka.

Kada ka ce mini bokiti ba ya cin wasa. Na sani, kai ma ka san gemu ba ya tare faifai. Amma a gidan nan mun yarda da abin, a kansa aka hukunta ka, kuma ni ya kamata a hukunta. Ina jin kunya, ina kuma kewarka, na biyun ya fi yawa.

Ko ka zo ko ba ka zo ba, zan faɗa wa Tato da bakina. Sai dai na fi so a yi a gabanka. Akwai jirgi daga Vancouver zuwa Saskatoon kowace safiya. Zan riƙa wanke mota, don har yanzu ina da tabbacin zan je ɗauko ka.

Naka, mai bokiti,
Orest.


Verba Creek,
9 ga Yuni.

Doreen, matar ƙanena,

Ina gaishe ki, ina gaida yara, da fatan kina lafiya kuma gidan bai yi miki faɗi ba. Mijinki ya iso lafiya shekaranjiya. Ya ce kada in rubuto miki, zai kira. Kin san kiransa.

Ke ma ina da ƙorafi a kanki. Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba? Na tsaya a filin jirgi ina neman mutum mai haɓa kamar ƙwai, sai ga wani dattijo da gemu fari har ƙirji ya dafa ni ya ce, "Kai, mai bokiti, ina motar?" A hanya na matsa masa, ya ce tun shekarar da ya bar gida bai taɓa aski a lokacin gasar kofin hoki ba. Kowace bazara, shi kaɗai a ɗakin ƙasa, zaune a ƙasa ya jingina da tebur. Sai da na tsayar da mota a gefen titi na ce ƙwaro ne ya faɗa mini a ido.

Tato bai ce masa sannu da zuwa ba. Hannu biyu ya sa ya kama gemun ya ja, ya ga ba na manne ba ne, ya ce, "To, yanzu ka yi kama da ɗana." Bai saki ba sai da miyar borsch ta huce.

A teburin na faɗi nawa, daga shayi har bayan rumbu. Tato ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ashe bokitin ya fi ka amana, shi bai motsa ba." Myron kuwa yana ta cin peroginsa. Na ce, "Ba za ka zage ni ba?" Ya ce, "A kan me? Ai na gan ka. Gilashin kabad ɗin Mama yana nuna ƙofar kicin. Ina kallo ka fita kana tafiya kamar agwagwa."

Na ce, "Ka sani? Ka bari suka yi maka haka?"

Ya ce, "Ni dama tafiya zan yi, Doreen tana jirana. Kai ne za ka zauna da Tato da gona da bakin Wasyl har ka tsufa. Da sun cinye ka ɗanye. Abin da ya hana ni zuwa ba sunan ba ne, Orest. Jira nake ka faɗa da kanka. Ka daɗe, wallahi."

Doreen, ban san wanda ya fi wauta a cikinmu ba, amma na san wanda ya fi zuciya, kuma ke kika aure shi.

Jiya da safe na miƙe a shagon Stefka na maimaita a gaban kowa. Wasyl ya cire hula ya ba Myron hannu, sannan ya ce in biya shi duk kofin da ya saya mini. Suka ce to wa zai ba mu wasa na bakwai? Myron ya gyara zama ya bayar. Ashe ba daga nesa ɗan bayan ya buga ba, faifan ƙafar ɗan wasanmu ya taɓa ya karkace. Duk sun gani a ranar, amma nawa ya fi daɗi, sai suka bi nawa.

Kin ga an yi uku da uku, yau da yamma ne na bakwai. Za mu ci, ki rubuta ki ajiye. Tun tsakar rana ko ruwa ban kurɓa ba. Tato ya so kowa ya koma wurinsa na da, Myron ya ce a'a, wancan zaman na ranar faɗuwa ne. Ya ɗauko bokitin daga bakin kicin ya dire shi a gaba, jikin ƙafar tebur, ya ce, "Nan za ka zauna, kusa da ni, inda hannuna zai kai ka."

Tato ya dube mu, ya dubi kujerar Mama, ya ce a bar bokitin a nan.

Ki kunna talabijin, ki zauna inda kika saba, kada ki tashi.

Yayan mijinki,
Orest.