Ni Ce Larabarka, Belmiro

Belmiro nawa, inuwata ta tsakar rani, ɓaurena na farkon shekara, ruwan tuluna mai sanyi bayan wuni a gonar zaitun, tsohon banza mai taurin kai!

Zulmira maƙwabciyata ce ke rubutawa, tsohuwar malamar makarantar nan. Ka dai san ni, ko sunana aka rubuta a bango wuce shi zan yi. Ta ce wai "tsohon banza" ba ya shiga wasiƙar soyayya. Na ce wasiƙar taki ce ko tawa? Rubuta!

Jiya 'yarka Idalina ta zo daga Beja, inda kake jinya a gidanta, ta dire mini kwalin littattafanka a bakin ƙofa. Ta ce, "Inna Custódia, Baba ya ce ki riƙe, ya gama da su. Kuma kada ki zo, ba ya so ki gan shi a haka." Wai tun da ɓarin jikinka ya shanye, baki ya karkace, ka juya wa kowa baya kana kallon bango, ka ƙi abinci, har ka sa an kira maka fada daga coci. A haka? A wane haka? Ni da na san ka da ƙaton hanci da kunnuwa kamar hannun tukunya, yau ne za ka fara jin kunyar fuskarka? Yaushe ka yi kyan da har ya lalace, hasken idona?

Ka tuna ranar? Wata takwas da rasuwar mijina Amílcar, ina cikin baƙaƙen kaya daga kai har ƙafa, na kawo maka tawul ɗin shagon askinka da na wanke. Tsakar rana ce, babu kowa, kana zaune a kujerar aski da littafi mai bango rawaya, kana dariya kai kaɗai kamar wanda aka taɓa. Ka ce in zauna in ji labarin wani sakarai ɗan Amurka. Mutumin da ya sa wa ransa ranar Talata zai mutu. Ya sayi akwatin gawarsa, kaji na yi masa ƙwai a ciki. Duk Litinin sai ya bi maƙwabta gida gida yana gaya wa kowa abin da ke ransa, ya zagi surukarsa, ya zagi mai gidan haya, tunda gobe tafiya zai yi. Talata ya kori kajin, ya sa kwat, ya kwanta, ya naɗe hannu. Sai Laraba ta waye, ga shi da rai, ga yunwa, ga mutanen da ya zaga suna jiransa a layin burodi!

Wayyo Belmiro, dariyar da ta kuɓuce mini! Kamar an fasa madatsar ruwa. Ƙofa a buɗe, a kan titin coci, ni matar mamaci. A garin nan namu Serpa! Inda wadda mijinta ya mutu ko haƙorinta ba a gani, baƙaƙen kayan nan kuma ba ta tuɓe su sai kabari. Kafin yamma labari ya gama gari. Matan famfo suka daina amsa gaisuwata, aka ce ƙasar kabarin Amílcar ba ta bushe ba ina ɓaɓɓaka dariya da mai aski. Su faɗa! Wata takwas dutse na kan ƙirjina, addu'ar kowa ba ta ɗaga shi ba, sai sakaran nan da kajinsa.

Shekara talatin da ɗaya kana karanta mini labaran irinsa, ina ɓare wake. Wanda ya auri mace don karenta ya burge shi. Mai sayar da maganin ƙarya da ya sha nasa ya warke. Maƙaryata, matsorata, masu cin tsiya, ba ko ɗaya da zan ba aron tsintsiya. Amma ina son su, wallahi ina son su! Waliyyan da fada ke ba mu labarinsu sun yi mini tsabta da yawa, ba su taɓa yin abin kunya sun fita kasuwa washegari ba. Waɗannan kuwa irinmu ne. Duniya ta maka su da ƙasa, su tashi da wando a yage suna neman abin karyawa. Mutuwa ta leƙo, su tambaye ta ko ta zo da taba. Ban taɓa ganin Amurka ba, Lisbon ma sau biyu na je, amma ko'ina ne aka san a yi wa baƙin ciki gwalo, can ƙasarmu ce ni da kai.

Littafin rawayan ne kawai ka ƙi ƙarasa mini. Kullum aka zo babin ƙarshe sai ka rufe, ka ce in na ji ƙarshen me zai dawo da ni? Ganyen zaitun da ka sa alama yana nan a wurin. Zulmira ta ce kawo ta karanta mini, shafi tara ne kacal. Na fizge abina. Bakin wani? Gara in mutu ban sani ba. Bashi... a'a, goge wannan, Zulmira. Alkawari ne, kuma bakinka ne zai cika shi, karkatacce ko miƙaƙƙe. In kalma ɗaya za ta ɗauke ka wuni guda, ina da wunin. In yawu ya zubo, tawul ɗinka nawa na wanke a duniya?

Na gane ka sarai, zumata. Ka yi Litinin ɗinka, ka aiko mini da baƙar magana. Yanzu ka kwanta ka naɗe hannu kana Talata. To, yi abinka! Amma ni ce Larabarka. Ranar Laraba motar ƙarfe goma zan shigo, da miyar burodi da tafarnuwa a ƙullin hannuna, da littafin a ƙirjina. Kuma ka buɗe ido da kyau, don ba za ka gane ni ba. Baƙin kayan takaban nan da ya hana mu aure, da na bari bakin mutane ya ɗaure ni da shi, na tuɓe shi yau da safe. Na sayi ɗankwali rawaya kalar bangon littafin. Ta gaban coci zan bi, a hankali, matan gari kowacce ta cika idonta.

Idalina, 'yar nan, na san ke ke riƙe masa takardar. Kada ki rufe mini ƙofa, don zan zauna a bakinta in ba da labarin kajin da ƙarfi har maƙwabtanku su haddace.

Shamuwa ta dawo kan hasumiyar coci, Belmiro, gidanta na bara, ba ta nemi izinin kowa ba. Ka sa a yi maka aski. Abin kunya ne mai aski ya tarbi mace da gemu.

Taka tun daga waccan dariyar, taka wannan Larabar da duk wadda ke bayanta, ga yatsana na dangwala,

Custódia