Jitar Baba da Kunnuwan da Na Hana a Murɗa

Goggo mai filin shawarwari, ina yi miki sallama. Don Allah ki taimake ni da shawara, tunanina ya tsaya cak, ga shi ƙarshen watan nan za mu miƙa makullin gidan da muke haya. Magana ce a kan jita. Na san ana kawo miki matsalolin da suka fi wannan nauyi, amma ki daure ki karanta.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, kafinta ne. Tun yana saurayi yake kaɗa jita, ranakun hutu kuma yakan bi wata ƙungiyar makaɗa da ke wasa a otal. Kafin a haife ni injin yanka katako ya cire masa yatsu biyu na hannun hagu, wato hannun da ake danne tsirkiya da shi. Kowa ya ce shi da kiɗa sai dai kallo. Shi kuwa ya zauna ya canza saitin tsirkiyoyin, ya ɗaure wasu, ya sassauta wasu, har ya samo yadda ragowar yatsunsa za su ishe shi. Daga nan duk makaɗin da ya ɗauki jitar sai ya ji ta kamar ta zautu, ya ajiye. Baba kan yi dariya ya ce jitarsa ba ta amsa sallamar baƙo.

Ni ban gaji komai ba ta wannan fannin. A kantin magani nake aiki, kuma ko tafi ake yi a taro nawa sai ya saɓa da na mutane. Ba zan ma ce kiɗan ya taɓa burge ni ba. Abin da na sani shi ne duk yamma in ya dawo daga shago, da garin katako a girarsa, zai zauna a baranda ya yi ta nanata waƙa ɗaya, ni ina ɗaki ina fama da littafi, Mama tana kicin tana cewa wannan waƙa ko kaza ta haddace ta.

Ranar da za mu kai shi asibiti, a ciwon da bai tashi ba, muna zaune muna jiran mota ya ce a miƙo masa jitar. Bai kaɗa wata waƙa ba. Kunnuwanta kawai ya bi, wato 'yan ƙarafunan nan da ake murɗawa a kanta, yana murɗawa yana kasa kunne har ya gamsu. Ya ce in mayar da ita akwatinta, in ya dawo ya same ta a shirye. Mota ta iso, muka fita.

Bayan rasuwarsa na naɗe akwatin da tsohon zanen gado, na sa a leda, na ɗora a kan sif ɗin Mama. Na kafa doka cewa babu mai buɗewa, balle a taɓa kunnuwan, domin hannunsa ne na ƙarshe da ya murɗa su. Wani abokinsa na ƙungiya da muke kira Kawu Gajere, shi ma makaɗin jita, da ya zo ta'aziyya ya roƙi in fito masa da ita ya ɗan riƙe. Na ba shi haƙuri. Ya ce ai in sanyi ya kama hannun Baba shi ke saita masa ita kafin su hau dandamali, ba baƙonta ba ne. Na ce na ji, amma dai a bar ta. Bai ja ba. Yanzu ya tsufa tukuf, idonsa ya kusa tafiya, yana zaune wajen 'yarsa a can ƙarshen gari. Jefi-jefi yakan sa a kira masa ni a waya, ya gaishe da Mama, sannan ya tambayi jitar kamar yana tambayar lafiyar mutum.

Haka aka kwashe shekaru. Mama takan share ƙurar sif ta zagaye ledar. Yanzu ƙafa ta matsa mata, za ta koma gidan yayana, ni kuma na kama ciki da falo kusa da wurin aiki. Ɗakin ƙarami ne, bangonsa ɗaya yana tsattsafo da ruwa in an yi ruwan sama. Gidan Yaya cike yake, kuma ya faɗa mini kai tsaye cewa ba shi da wurin ajiye abin da ba a buɗewa. Ya ce a sayar, a ƙara a hidimar Mama.

Shi ya sa makon jiya na sauko da ita, na buɗe a gaban Yaya. Goggo, wuyan jitar ya lanƙwashe. Ɗan katakon da ke riƙe da tsirkiyoyin a kan cikinta ya fara ɗagowa, har fuskar ta kumbura a wajen. Tsirkiya ɗaya ta tsinke ta nannaɗe, sauran sun yi tsatsa. Ban yi kuka ba. Na dai tsaya ina kallo, ina tunanin kullum ni ke gaya wa masu sayen magani cewa rigakafi ya fi magani.

Na kai ta wajen wani mai gyaran kayan kiɗa a bayan kasuwa, shagonsa duk warin gam da fenti, jitoci rataye a rufi. Ya juya ta, ya ɗaga wuyan saitin idonsa, ya ce tsirkiyoyin ne ke janta shekara da shekaru babu hutu, ga zafin leda. Ya ce tana gyaruwa, amma dole a sassauta su duka a cire, in ba haka ba wata rana fuskar za ta yage. Yana miƙa hannu zai kama kunne ɗaya na riƙe masa hannun riga. Na ji kunya daga baya. Ya ce ba komai, kuma in za mu sayar yana so, domin yana koyar da kiɗa da yamma, ita kuma katakonta mai kyau ne. Abin da ya taya bai taka kara ya karya ba, tunda shi zai yi wahalar gyara.

Shi kuma Yaya ya samo wani mai gidan abinci da ke ƙawata bangonsa da tsoffin kaya, su rediyo da fitilar ƙwai da keken ɗinki. Tayinsa ya fi na mai gyaran nesa ba kusa ba. Ya ce lanƙwasar ma ita ta burge shi. Zai kafe ta a bango yadda take, can sama inda hannu ba ya kaiwa, babu mai murɗa komai.

Nan na rikice. Mai gidan abincin, wanda ko sunan Baba bai tambaya ba, shi ne zai bar mini saitin yadda Baba ya bar shi. Mai gyaran, wanda na ga yadda ya tallabe ta da mutunci, abu na farko da zai yi shi ne warware saitin. In kuma na tafi da ita ɗakina ban taɓa ba, mai gyara ya riga ya gaya mini ƙarshenta. Mama ta ce ita babu ruwanta, mijinta ta aura ba jita ba. Yaya ya ce na mayar da katako kabari. Wataƙila gaskiyarsa ne. Ni dai abin da na sani, Baba ya ce in ya dawo ya same ta a shirye, kuma ban san yadda zan sa hannu in warware ba.

Goggo, in sayar ko in riƙe? In sayarwa ce, wa zan ba?

'Yar Kafinta

*

'Yata, amin wa alaikis salam. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya ba Mama lafiya. Matsalarki ba ƙarama ba ce, kada ki ƙara ba da haƙuri a kanta.

Zan fara da abin da ba za ki so ji ba. Ni ba makaɗiya ba ce, don haka na ɗauki wasiƙarki na tambayi wani maƙwabcina da ya tsufa a kan jita. Ya ce tsirkiya ba ta riƙe saiti ko da ba a taɓa ta ba. Kwanaki kaɗan take fara saki da kanta, zafi da sanyi su ƙarasa. Balle wadda wuyanta ya lanƙwashe, ɗaya ta tsinke, sauran suka yi tsatsa. Saitin da mahaifinki ya yi ranar nan ya bar akwatin tun ba a gama karɓar gaisuwa ba. Abin da ya rage a ciki jan ƙarfe ne kawai, shi ne kuma ke karya jitar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ban ga laifinki ba, ba ki sani ba ne, kuma ƙauna ce ta sa ki.

Yayanki ma bai yi laifi ba. Shi zai ɗauki nauyin Mama, kuma jitar nan gado ce, yana da haƙƙi a cikinta, Mama ma haka, ko da ta ce babu ruwanta. Maganar kabari da ya yi ta yi kaifi, amma mutumin da ya ga ana zagaye leda da tsintsiya shekara da shekaru dole wata rana bakinsa ya suɓuce. Duk abin da za ki yi, ki zaunar da su biyun ki gaya musu tukuna.

Game da mai gidan abinci, ban hana a karɓi kuɗinsa ba in gidanku na cikin matsi, domin lafiyar Mama ta fi katako. Amma in kin ba shi, ki san don kuɗin kika ba shi. Kada ki ce don saitin ne, babu saitin da zai tsare miki. A bango ma jan bai daina ba, wata rana za ta yage a saman kan masu cin abinci, ya sauke ta ya rataya wani abin. In kuwa ba ku matsu ba, ni ba zan kai jitar mutumin da ya ƙi barin kiɗa bayan ya rasa yatsu biyu inda aka tabbatar ba za ta sake yin ƙara ba.

Yanzu ki koma ki karanta wasiƙarki, wajen da kika ambaci Kawu Gajere. Kin rubuta shi a tsakiya kin wuce, alhali shi ne amsarki. Mutumin da ke saita wa mahaifinki jitar in hannunsa ya ƙi, saitin nan yana cikin kunnensa. Ido kika ce ya kusa tafiya, ba ki ce kunne ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ga abin da zan ce ki yi. Ki koma wajen mai gyara. In ba ki so baƙon hannu ya fara taɓa kunnuwan, ki ce ya nuna miki ki sassauta su da kanki, ke 'yarsa ce. Tsoffin tsirkiyoyin ki nannaɗe su ki sa a ɗan gwangwani, yatsunsa sun goge su, kuma gwangwani ba ya cin wuri a ciki da falo. Amma kada ki jira a gama gyara kafin ki je wajen Kawu, don gyara na iya ɗaukar lokaci. Ki roƙi mai gyaran ya ɗauko ɗaya daga cikin jitocin da ke rataye a shagonsa ya raka ki. Kawu ya saita ta irin na mahaifinki, mai gyara ya ji da kunnensa ya riƙe, ke kuma ki ɗauka a wayarki. In Mama za ta iya zuwa ki tafi da ita, ki gani ko da gaske babu ruwanta in ta ji waƙar da kaza ta haddace.

Bayan haka maganar sayarwa za ta yi sauƙi. Ɗakin da bangonsa ke tsattsafo da ruwa ba wurin jita ba ne, ke kuma kin ce ko tafi ba ki iya ba. Ni a ganina ki bar wa mai gyaran, da sharaɗin ya riƙe ta a kan saitin mahaifinki, kuma ƙofarsa a buɗe take gare ku duk ranar da kuke son ji. Wa ya sani, wataƙila wata rana wani mai ciwon hannu ya shigo shagon yana ganin shi da kiɗa sun rabu. In kuma bayan gyara zuciyarki ta ƙi saki, ki yi wa Yaya bayani ku daidaita, ki riƙe ta, amma a buɗe, a inda iska ke shiga, ana kaɗa ta.

Mahaifinki ya ce a same ta a shirye. Jitar da ke shirye ita ce wadda in an ɗauka za ta yi magana. Makullin gida sai ƙarshen wata za ku miƙa, mai gidan abinci zai jira, mai gyara zai jira. Tsohon da ke kiran waya yana tambayar jita shi ne ban san iya jiran da zai yi ba. Ki je masa a makon nan, kuma in an gama gyaran, kafin ta tafi hannun kowa, ki ɗora masa ita a cinya ya riƙe, ya daɗe da roƙa.

Allah ya yi miki jagora, ya ƙara wa Kawu kwana, ya sa ki same shi da kunnensa garau.

Goggo