Kafin In Sauka Daga Dutsen

Ƙanwata Rosalba,

Gaisuwa mai yawa daga kan dutsen nan na hamadar Atacama. Yaya Mama da gwiwarta? An haƙe dankalin kuwa?

Kin san ba wanda ya ɗaga ni. Da takardar sakandare na zo ina jan waya, na koya wa kaina kwamfuta, har na rubuta ɓangaren manhajar da ke karanta saitin na'urar hangen taurari. Yanzu shugabarmu, Dakta Ximena, tana so a cire shi, a ɗauko wanda wasu Turawa suka rubuta.

Na ce, "Ranar da masu shi suka watsar da shi fa?"

Ta yi dariya. "Malam Eleuterio, naka kai kaɗai ka gane shi. Ranar da ka sauka daga dutsen nan fa?"

Lafiyata lau, numfashi ne kawai yake ɗan gagarata a dutsen nan, likita yana ta surutu. Kada Mama ta ji. Aiko min ƙyafaffen kifi, Allah ya yi miki albarka.

Na gwada nasun, abin haushi yana aiki. Na kasa zaune, na kasa tsaye. Litinin zan ce su ɗauka, amma da sharaɗi: a saman manhajar su rubuta wanda ya fara ta, cikakken suna, Eleuterio Cárcamo Oyarzo.