Jami'a biyu sun ɗauki ɗana, shi ne kuma mai ɗaga babansa

Assalamu alaikum Admin da 'yan uwa na wannan gida. A taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku bi ni a hankali, zuciyata ta riga ta sha magana a kwanakin nan.

Ni matar aure ce a Maitumbi nan Minna, yarana huɗu, na farin namiji, sauran mata ne ƙanana. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Mutum ne mai jiki, ni kuma bayana ya daɗe da lalacewa, ko bokitin ruwa na ɗauka sai na kwana ina jin sa. Saboda haka yaron nan na farin shi ke ɗaga babansa, ya kai shi bayi, ya yi masa wanka, ya juya shi kada jikinsa ya yi gyambo. A haka ya yi karatu ya zauna jarabawa, wallahi ban taɓa jin ya yi tsaki ba.

Yanzu Allah ya ba shi admishin wuri biyu. Ɗaya jami'a ce nan kusa da mu, zai je ya dawo ya kwana a gida, amma kwas ɗin kiwon kifi suka ba shi, bai nema ba, ba ya so. Ɗayar tana wata jiha mai nisa, tafiyar yini a mota, su kuma sun ba shi haɗa magunguna, abin da yake ta faɗa tun yana ƙaramar sakandare. Ya ce dole ya karɓi ɗaya kafin ƙarshen mako mai zuwa, kuma in ya danna ɗaya a intanet, ɗayar ta tafi kenan.

Yayan maigidana, muna ce masa Yaya Alhaji, a Dutsen Kura yake, tun da ciwon nan ya zo shi ke yanke magana a gidanmu. Ya tara mu a falo shi da ƙannensa mata, maigidana yana kwance a ɗaki ƙofa a buɗe. Yaya ya ce babu wata shawara, yaro zai zauna ya yi kifinsa, wai wanda ya iya wanke uba ai ba zai kasa wanke kududdufi ba, suka sa dariya. Alhali shi Yaya nasa yaran duk a wasu jihohi suke karatu, kuma tun da ƙaninsa ya kwanta ko ƙafarsa bai taɓa kamawa an juya shi ba, daga bakin ƙofa yake cewa sannu, gefen riga a hanci. Yaron ya ce don Allah a tambayi Mama. Yaya ya ce me za a tambaye ni, ni da na yi digirina a ajin yaƙi da jahilci na Fadikpe, sannan ya juyo ya ce to Farfesa, muna sauraron ki.

'Yan uwa, ban goyi bayan ɗana ba. Mu yadda aka tashe mu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta shigar masa a gaban dangin miji, in ta yi sai a ce ba ta da kunya, har jikoki a riƙa ba su labari. Na sunkuyar da kai na ce duk yadda kuka gani daidai ne. Ba zan ɓoye muku ba, akwai kunya a ciki, akwai kuma tsoro, don ina zaune ina tunanin wa zai ɗaga min bawan Allahn nan in yaron ya tafi.

Da suka watse ya same ni a kicin, yaron da bai taɓa ɗaga min murya ba. Ya ce tun da ya tashi ban taɓa kama sunansa ba, daga kai sai wannan nake ce masa, ya ɗauka al'ada ce, yau ya gane ba kunyarsa nake ji ba, ma'aikaci na samu na kyauta. Ya ce ya ji, zai zauna, zai ci gaba da kwashe kashin mijina har ɗayansu ya mutu, in zuba ido in ga wanda zai riga. Da ƙarfi ya faɗa, kuma ƙofar ɗakin babansa tana nan a buɗe.

Maƙwabciyata Maman Rifkatu ta ji komai ta katanga. Ta shigo ta ce ke Maman yara, wannan kunya naku shi zai kashe yaro, mu a wurinmu uwa yana magana. Ta ce mijinta zai riƙa leƙowa da safe ya kama mana, Allah ya saka mata, amma manomi ne, damina na faɗuwa ƙauye yake komawa, shi kuma maigidana ba ya yarda bare ya ga tsiraicinsa, kuka yake yi. Ɗaukar mai jinya kuwa ba mu da halinsa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, tun daga ranar nan, maigidana ya rage cin abinci. Da farko na ɗauka ciwon ne, sai na lura kunu ma yana kurɓa kaɗan ya juya kai, ruwa kuwa leɓe kawai yake jiƙawa. Maganarsa ba ta fita sosai amma ni ina gane ta. Na zauna na yi ta lallashi, da ƙyar ya ce in ya rage ci, yaro zai rage wahalar kai shi bayi. Ya ce a bar yaron ya tafi makarantarsa, shi ba zai daɗe yana tare wa kowa hanya ba, kuma ya roƙe ni kada in gaya masa. Yaron yana nan yana aikinsa. Jiya bayan wanka ya wuce ni, ko kallona bai yi ba, ya ce Baba ya yi sauƙin ɗauka kwanan nan. Bai san dalili ba.

To 'yan uwa ya zan yi? In na gaya masa abin da babansa yake yi, na san shi, zai karɓi ta kusa don nadama, ya rayu yana kallonmu a matsayin waɗanda suka binne shi. In na tafi Dutsen Kura na cire kunya na ce wa Yaya ɗana zai tafi, ban san hannun da zai ɗaga maigidana ba, kuma ban san ko hakan zai sa ya koma cin abinci ba. In na ci gaba da shiru, mutum yana ƙarewa a gabana. Don Allah iyaye mata, da waɗanda suka taɓa jinyar babba, ku faɗa min, wanne zan fara yi wa magana, ɗan ko uban, kuma me zan ce?